Haɗa Kan Kamfanonin Sufurin Jama'a a Ƙarƙashin Hukuma Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Duk birnin da ya bunƙasa har ya haɗe da garuruwan da ke kewaye da shi, to lalle zirga-zirgar jama'a za ta zama ɗaya daga cikin manyan matsalolinsa. Ma'aikaci yakan kwana a bayan gari alhali ofishinsa yana tsakiyar birni, haka ma ɗan kasuwa da ɗalibi da mai neman magani a asibiti. Mafi yawan waɗannan mutane ba su da motar kansu, saboda haka sun dogara ne ga abin hawa na haya. Shi kuwa abin hawa na haya a babban birni ba ya zama a hannun mutum ɗaya. Wani kamfani ke da jirgin ƙasa, wani ke da manyan motocin safa, wasu kuma ke da ƙananan bas-bas ko jiragen fito.

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ake tara irin waɗannan kamfanoni a ƙarƙashin hukuma ɗaya, domin fasinja ya riƙa ganin su tamkar abu guda. Za a dubi ma'anar tsarin da dalilan da suka haifar da shi da ayyukan hukumar, sannan a kawo misalai daga biranen Hamburg da Landan da Santiyago da kuma Legas. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, nasarar tsarin ta rataya a kan abu biyu: raba aikin tsarawa da aikin tuƙi, da kuma samar da hanyar rabon kuɗi wadda kowa ya aminta da ita.

2.0 Ma'anar Sufurin Jama'a da Hukumar Sufuri

A Hausar yau, sufuri na nufin ɗaukar mutane ko kaya daga wani wuri zuwa wani a kan lada. Sufurin jama'a kuwa shi ne wanda kowa ke da damar shiga muddin ya biya kuɗin da aka yanka, kuma yakan bi wata sananniyar hanya.

Abin da ake nufi da yanki a wannan babi shi ne birni tare da dukkan garuruwan da mutanensu ke shiga cikinsa suna fita a kullum. Sau da yawa iyakar irin wannan yanki ba ta yin daidai da iyakar mulki, domin yakan ratsa ƙananan hukumomi da dama, wani lokaci ma har jihohi biyu ko uku.

Hukumar sufuri ta yanki ita ce wadda doka ko yarjejeniya ta ɗora wa alhakin tsara sufurin jama'a a faɗin wannan yanki. A ƙarƙashin wannan tsari, aiki yakan kasu kashi uku. Gwamnati ita ke fayyace manufa, ta kuma ware kuɗin tallafi. Hukuma ita ke tsara hanyoyi da lokutan tashi da kuɗin mota. Kamfanoni kuma su ke sayen motoci, su ɗauki direbobi da kanikawa, su yi jigilar. Ashe ke nan ba dole ba ne hukumar ta mallaki ko da mota ɗaya.

3.0 Illolin Rashin Haɗa Kai

Idan kowane mai mota yana cin gashin kansa, akwai matsalolin da ba makawa sai sun ɓullo.

Da farko, fasinja yakan biya kuɗi sau da yawa a tafiya guda. Duk lokacin da ya sauka daga wannan mota ya shiga waccan, sabon ciniki ne. Talakan da ke zaune nesa da tsakiyar gari saboda arahar gidan haya shi ya fi jin jiki, domin shi ne ya fi yawan sauya mota.

Na biyu, lokutan tashi ba sa jituwa. Jirgin ƙasa zai iso tasha ya tarar da bas ɗin da ya kamata ta kwashi fasinjojinsa ta tashi da minti biyu, saboda babu wanda ya haɗa jadawalin wannan da na wancan.

Na uku, kowa yakan yi rububin hanyar da ke da ciniki. Sai a ga babban titi ya cika maƙil da motoci, alhali unguwannin gefe ba su da ko ɗaya, musamman da dare.

Na huɗu, akwai tseren fasinja. Mai karatu ya san tsarin balas, inda direba ke kai wa mai mota wani ƙayyadadden kuɗi kullum, abin da ya ragu kuma shi ne rabonsa. Direban da abincinsa ya rataya a kan yawan kawunan da ya ɗauka dole ne ya yi gudu don ya riga ɗan'uwansa, ya tsaya inda bai kamata ba, ya ƙi tashi sai mota ta cika, ya kuma yi lodin da ya wuce ƙima. Yawancin abin da ake ɗauka mugun hali ne na direbobi, tsarin biyan kuɗin ne ke haifar da shi.

4.0 Mafarin Tsarin: Birnin Hamburg

Hamburg shi ne birni na biyu a girma a ƙasar Jamus, kuma babbar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Elbe. A farkon shekarun 1960, kamfanoni daban-daban ne ke sufuri a birnin, kowanne da tikitinsa da farashinsa. Mutumin da zai ratsa birnin daga wannan gefe zuwa wancan yakan buƙaci tikiti har guda 7. A daidai lokacin kuma, tattalin arzikin Jamus ta Yamma yana haɓaka, mutane suna ta sayen motocin kansu, fasinjoji suna raguwa. Kamfanonin sun lura cewa abokin hamayyarsu na gaskiya shi ne ƙaramar motar gida, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ranar 29 ga watan Nuwamba, 1965, kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya da wani kamfanin bas na yankin suka kafa ƙungiyar da ake kira HVV a taƙaice. Ita ce irinta ta farko a duniya. Manufarta ita ce tikiti ɗaya da farashi ɗaya da jadawali ɗaya, kuma zuwa shekarar 1967 tikitin bai-ɗaya ya kankama. Kowane kamfani ya ci gaba da riƙe motocinsa da ma'aikatansa, amma kuɗin tikiti ya riƙa shiga asusu guda ana rabawa.

Jamusawa suna kiran wannan tsari Verkehrsverbund, wato haɗakar sufuri. Ba a daɗe ba wasu birane suka kwaikwaya: Munich ta kafa tata a 1971, yankin Rhine-Ruhr ya fara a 1980, Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1984, sai Zurich ta ƙasar Siwizalan a 1990. A shekarar 1996 aka sake fasalin HVV, ta tashi daga hannun kamfanoni ta koma mallakar gwamnatocin yankin, bisa hujjar cewa wanda ke biyan tallafi shi ya kamata ya riƙe ragamar tsari. A 2002 da 2004 kuma aka faɗaɗa ta zuwa wasu gundumomi na jihohi biyu da ke maƙwabtaka da Hamburg. Wannan al'ada ta haɗaka ita ta share fagen tikitin ƙasa baki ɗaya da Jamus ta fito da shi a watan Mayun 2023. An fara sayar da shi a kan Yuro 49 a wata, mai shi kuma yana iya shiga bas da jiragen cikin gari da na yanki a ko'ina a ƙasar.

5.0 Ayyukan Hukumar Sufuri

5.1 Tikitin Bai-ɗaya

A ƙarƙashin hukuma ɗaya, fasinja yana biyan kuɗin tafiya ne daga inda ya tashi zuwa inda za shi, ko da zai sauya abin hawa sau uku. Hanyar da aka fi bi ita ce a kasa yankin shiyya-shiyya, sai farashi ya danganta da yawan shiyyoyin da mutum ya ratsa. Akan kuma samar da tikitin yini da na mako da na wata, da rangwame ga ɗalibai da tsofaffi. A yau katin lataroni da wayar hannu sun maye gurbin takarda a birane da yawa, amma ya kamata a lura cewa kati ɗaya daban, farashin bai-ɗaya daban. Idan ana cire wa mutum cikakken kuɗi duk lokacin da ya sauya mota, to hanyar biya kawai aka haɗa, ba a haɗa farashi ba.

5.2 Jadawalin Bai-ɗaya

Hukuma takan tsara lokutan tashi yadda ƙananan motoci za su iso tasha jim kaɗan kafin jirgi ya tashi, su kuma jira fasinjojin da ya sauke. Ƙasar Siwizalan ta shahara a wannan fanni. Tun daga 1982 jiragenta ke tashi a kan minti guda sananne a kowace sa'a, ta yadda fasinja ba ya buƙatar haddace dogon jadawali.

5.3 Tsara Hanyoyi

Maimakon kowace mota ta nufi tsakiyar gari, akan mayar da jirgin ƙasa ko manyan motocin safa su zama kamar gangar jikin itace, ƙananan motoci kuma su zama rassa masu kawo fasinja daga unguwanni. Haka nan ribar da aka samu a hanya mai ciniki takan taimaka wajen riƙe hanyar da ba ta da ciniki amma jama'a na buƙatar ta.

5.4 Rabon Kuɗi

Nan ne gizo ke saƙa. Da zarar kuɗin tikiti ya daina shiga aljihun mai mota kai tsaye, tambayar da zai fara yi ita ce yadda za a fitar masa da haƙƙinsa. A ɗauka, alal misali, fasinja ya sayi tikitin Naira 500, ya yi kilomita 4 a bas ta farko, ya yi 12 a jirgin ƙasa, ya yi 4 a bas ta biyu. Idan da nisa za a raba, jirgi zai sami Naira 300, kowace bas kuma ta sami 100. Sai dai mai bas yana iya cewa kilomita 4 a cikin cunkoso ta fi cin mai da lokaci, don haka an ƙware shi.

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen warware wannan. Ta farko ita ce kwangilar fasinja, inda rabon kamfani ke danganta da yawan mutanen da ya ɗauka. Wannan na sa shi ya nemi kasuwa, amma tana iya dawo da tseren fasinja. Ta biyu ita ce kwangilar kilomita, inda hukuma ke karɓe dukkan kuɗin tikiti, ta biya kamfani gwargwadon tafiyar da motocinsa suka yi bisa jadawali. Wannan na kashe tsere, amma asarar ƙarancin fasinja tana komawa kan hukuma, kuma direba na iya daina damuwa da ko ya tsaya wa mutane ko bai tsaya ba. Saboda haka akan haɗa ta da tukuici ga wanda ya kiyaye lokaci da tara ga wanda ya saɓa. Ko wace hanya aka bi, dole ne a sami ƙidaya ta gaskiya da biya a kan lokaci, in ba haka ba amana ta rushe.

6.0 Landan da Sauran Biranen Ingila

Ƙasar Ingila ta ba da misali mai ban sha'awa, domin an gwada tsari biyu mabambanta a ƙasa ɗaya a lokaci ɗaya. Tun a 1933 aka tara jiragen ƙarƙashin ƙasa da motocin bas na Landan a hannun hukuma guda. A shekarar 1985, gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar da ta sakar wa kamfanonin bas mara a wajen Landan. Daga watan Oktoban 1986, duk kamfanin da ke da lasisi yana iya zaɓar hanyarsa da lokacinsa da farashinsa, bayan ya ba da sanarwa kawai. A Landan kuwa aka bi wata hanya dabam: hukuma ta ci gaba da riƙe tsari, kamfanoni masu zaman kansu kuma suna takarar samun kwangilar kowace hanya. Wato a Landan ana gasa ne kafin a sami hanya, a sauran wurare kuma ana yin ta a kan titi.

Tun daga shekarar 2000, hukumar da ake kira Transport for London, ko TfL a taƙaice, ita ke wannan aiki a ƙarƙashin magajin garin Landan. Ita ke tsara hanyoyin bas fiye da 600, ta yanka farashi, ta karɓi kuɗin tikiti, sannan ta biya kamfanoni. Baƙon da ya ga jajayen motocin Landan zai ɗauka na kamfani ɗaya ne, alhali kamfanoni da dama ke tuƙa su. A 2003 aka fito da katin Oyster, a 2014 kuma aka daina karɓar tsabar kuɗi a cikin bas.

Tsakanin tsakiyar shekarun 1980 da tsakiyar shekarun 2010, yawan masu shiga bas a Landan ya kusan ninkawa biyu, yayin da ya ragu da kusan rabi a sauran manyan biranen Ingila. Adalci ne a faɗi cewa ba tsarin kaɗai ya jawo haka ba. Jama'ar Landan sun ƙaru, birnin ya sami tallafi mai tsoka, kuma a 2003 an sanya harajin cunkoso na Fam 5 a kan motocin da ke shiga tsakiyar gari. Duk da haka, bambancin ya isa ya sa aka yi sabuwar doka a 2017 wadda ta ba wasu yankuna damar bin sahun Landan. Yankin Manchester ne ya fara amfani da ita: ya soma mayar da motocin bas ƙarƙashin hukumarsa a watan Satumban 2023, ya kammala a Janairun 2025.

7.0 Darasi Daga Santiyago

Ba kowane yunƙuri ne ke tafiya lami lafiya ba. A Santiyago, babban birnin ƙasar Chile, dubban ƙananan masu motoci ne ke jigila a da, kuma ana biyan direbobi gwargwadon tikitin da suka sayar, abin da ya jawo tsere da haɗurra. A watan Fabrairun 2007 gwamnati ta ƙaddamar da sabon tsari mai suna Transantiago. A rana ɗaya aka sauya hanyoyin bas na birnin gaba ɗaya, aka rage yawan motoci, aka kuma koma biya da kati.

Abin ya zo da tangarɗa ƙwarai. Motocin ba su wadatar ba, na'urorin bin sawunsu ba su gama shiri ba, jama'a ba su fahimci sababbin hanyoyin ba, sai kowa ya kwarara zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa har ya cika ya batse. An tsara shirin da zaton zai riƙe kansa da kuɗin tikiti, amma daga baya dole gwamnati ta riƙa zuba tallafi, aka kuma sake fasalin kwangilolin. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Darasin shi ne a bi sauyi daki-daki, a wayar da kan jama'a, a kuma tanadi kuɗin tallafi tun kafin a fara.

8.0 Yunƙurin Legas

A Nijeriya, jihar Legas ce ta fi yin nisa a wannan fage. A 2002 aka yi dokar kafa hukumar LAMATA, kuma Bankin Duniya ya tallafa wa aikinta. A watan Maris na 2008 ta buɗe layin manyan motocin safa masu hanyarsu ta musamman, wanda aka fi sani da BRT, daga Mile 12 zuwa CMS, tazarar kimanin kilomita 22. Wata hikima da aka yi ita ce jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin shirin, inda 'ya'yanta suka kafa ƙungiyar gama-kai wadda ta tuƙa motoci a layin. Da an ware su, da wuya su zuba ido a raba su da hanyar abincinsu.

Daga baya an miƙa layin zuwa Ikorodu a 2015, aka fito da katin Cowry a 2020, wanda ake biya da shi a motocin BRT da jiragen ruwa na gwamnati da jirgin ƙasa. Layin dogo mai suna Blue Line ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumban 2023, sai Red Line ya biyo baya a Oktoban 2024. Duk da wannan ci gaba, ƙananan motocin danfo su ke ɗaukar kaso mafi tsoka na fasinjojin birnin, kuma yawancinsu suna wajen tsarin. Wannan ya nuna bambancin yanayi. A Hamburg kamfanoni ƙalilan ne suka zauna suka sa hannu a takarda, amma a biranen Afirka dubban masu mota ɗai-ɗai ne za a shawo kansu, kowanne da iyalin da ke jiran abin da motar ta samo a ranar.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa fasinja bai damu da sunan mai mota ba, burinsa shi ne ya isa inda za shi cikin sauƙi da araha da aminci. An kuma ga cewa ana cim ma wannan buri ne idan hukuma ɗaya ta riƙe hanyoyi da jadawali da farashi, ta bar wa kamfanoni aikin jigila. Hamburg ta nuna cewa kamfanoni na iya haɗa asusu ba tare da kowa ya rasa dukiyarsa ba. Ingila ta nuna bambancin gasar neman kwangila da gasar kan titi. Santiyago ta nuna illar gaggawa, Legas kuma ta nuna muhimmancin tafiya da waɗanda aka tarar a cikin sana'ar. Hukumar da za ta yi tasiri tana buƙatar doka mai ƙarfi da ƙwararrun ma'aikata da tabbatacciyar hanyar samun kuɗi, domin mai mota ba zai saki kuɗin da yake karɓa a hannu kullum ba sai ya tabbata za a biya shi cikakke a ranar da aka yi alkawari.

10.0 Auna Fahimta

1. Bayyana ma'anar hukumar sufuri ta yanki, sannan ka bambanta aikinta da na kamfanin sufuri.
2. Kawo illoli uku na rashin haɗa kan masu sufuri, tare da misalai daga garinku.
3. Kwatanta kwangilar fasinja da kwangilar kilomita, ka nuna alfanu da illar kowacce.
4. Wane bambanci ke tsakanin tsarin bas na Landan da na sauran biranen Ingila bayan shekarar 1986?
5. Tsamo kalmomin aro guda 10 daga wannan babi, ka faɗi harshen da aka aro kowacce daga cikinsa.
6. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan kalmomin da suka shafi tashar mota.